Yadda Bankunan Amurka Ke Kai Rahoton Katin Bashinka, da Yadda Za Ka Tsara Biyanka

A Kantin Kwari, idan ɗan kasuwa zai ba ka kaya bashi, mutane yake tambaya: wane ne maigidanka, a wane layi kake, ka taɓa cin kuɗin wani? Shaidarka tana bakin jama'a. A Amurka kuwa shaidar mutum tana cikin kwamfutocin kamfanoni uku ne, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma su ake tambaya idan za ka kama hayar gida, ko ka sayi mota, ko ka nemi lamunin sayen gida. A jihohi da yawa har kamfanin inshorar mota yakan leƙa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a can rubuta shi ake yi wata bayan wata.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne yawan 'yan'uwa da nake gani suna biyan kuɗin katinsu cif-cif, ba su taɓa saɓa wa'adi ba, amma makinsu, wato lambar da masu ba da bashi ke dubawa su auna amincin mutum wajen biya, ya ƙi tashi. Sai su ɗauka ana yi musu mugunta ne don su baƙi ne. Galibi ba haka ba ne. Bankin sau ɗaya yake ɗaukar hoton asusunka a wata, shi kuwa ɗan'uwan namu bai san ranar da ake ɗaukar hoton ba.

Mataki na farko: ka san wa ke aikawa, wa ke ajiyewa, wa ke ba da maki

Hannuwa uku ne, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko bankin da ya ba ka katin. Shi ke tattara bayanin asusunka ya aika ta wani tsari na bai-ɗaya da ake kira Metro 2. Na biyu kamfanonin nan uku masu ajiye tarihin bashi. Su ba sa ba da rance, ba sa kuma yanke hukuncin a ba ka ko a hana ka; ajiya kawai suke yi su sayar wa mai buƙata. Na uku masu lissafin maki, FICO da VantageScore, waɗanda ke ɗaukar abin da ke cikin fayil ɗinka su mayar da shi lamba tsakanin 300 da 850.

Babu dokar da ta tilasta wa banki ya kai rahoto. Dokar rahoton bashi ta 1970 cewa ta yi idan zai kai, to ya kai gaskiya. Saboda haka wani ƙaramin banki yana iya aikawa ga kamfani ɗaya ko biyu ya bar na ukun. Kafin ka karɓi kati, musamman irin wanda ake ajiye kuɗin jingina kafin a ba ka, wanda yawancin sababbin zuwa ke farawa da shi, ka tambaya ƙarara ko suna aikawa ga dukkan ukun. Idan ba sa yi, nemi wani. Katin cire kuɗi na asusunka na yau da kullum kuwa ba ya shiga wannan lissafi sam, ko da shekara goma ka yi kana amfani da shi, don kuɗinka ne kake kashewa.

Abin da bankin ke aikawa ya haɗa da ranar da aka buɗe asusun, iyakar kuɗin da aka yarje maka, bashin da ke kanka a ranar, mafi yawan abin da ka taɓa ci, mafi ƙarancin abin da ake so ka biya, ranar da ka yi biyan ƙarshe, da matsayin asusun: lafiya yake ko an makara. Ba ya aika jerin abubuwan da ka saya. Kamfanonin ba su san shinkafa ka saya ko tikitin jirgi ba.

Mataki na biyu: ka nemo ranakunka biyu

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kowane katin bashi yana da ranaku biyu. Akwai ranar rufe lissafi, wadda a cikinta banki ke tattara duk abin da ka kashe cikin kwana talatin ko makamancin haka, ya fitar da takardar lissafin wata, wadda ake kira sitetimen. Akwai kuma ranar wa'adin biya, wadda ke zuwa bayan makonni uku ko fiye. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a aiko maka da takardar aƙalla kwana 21 kafin wa'adin, kuma wa'adin ya riƙa faɗowa a rana ɗaya kowane wata.

Kowa ya san ranar wa'adi, domin ita ake rubutawa da manyan baƙaƙe, ita ake turo maka saƙo a kanta. Amma yawancin bankuna adadin da ke kanka a ranar rufe lissafi suke aikawa. Wasu 'yan kaɗan sukan aika na ƙarshen wata. Ga yadda abin ke kasancewa.

A ce iyakar katinka dala 1,500 ce, ana rufe lissafinka ranar 8 ga wata, wa'adinka kuma 3 ga wata mai zuwa. Daga 9 ga Fabrairu zuwa 8 ga Maris ka sayi mai, ka yi cefane, ka biya kuɗin waya, jimilla dala 1,200. Ranar 8 ga Maris banki ya rufe lissafi ya aika cewa ana bin ka 1,200 cikin 1,500, wato ka cinye kashi 80 cikin ɗari na abin da aka yarje maka. Ranar 1 ga Afrilu ka biya duka, ko sisi ba ka rage ba, babu kuɗin ruwa a kanka. Ka cika alkawari. Sai dai hoton da ke cikin fayil ɗinka na mutum ne da ya kusa ƙure katinsa, kuma zai zauna a haka har sai an ɗauki wani hoton ranar 8 ga Afrilu, lokacin da ka riga ka sake cika katin da cefanen sabon wata. Haka za ka shekara kana biya a kan kari, fayil yana nuna kullum bashi ya kai maka wuya.

Me ya sa wannan ke da nauyi? FICO ya bayyana yadda yake raba makinsa: kashi 35 tarihin biya, kashi 30 yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 daɗewar tarihinsa, kashi 10 sababbin basussukan da ya nema, kashi 10 kuma ire-iren bashin da yake da su. A cikin kashi 30 ɗin nan babban abin dubawa shi ne nawa ka ci idan aka gwada da iyakarka, a kowane kati shi kaɗai da kuma dukkan katunan a haɗe.

Ka buɗe takardar lissafinka ta ƙarshe, a manhajar banki ko wadda ta zo ta gidan waya. A shafin farko za ka ga ranar farawa da ranar rufewa. Rubuta ta rufewar a kalandar wayarka. Takan ɗan motsa da kwana ɗaya ko biyu saboda bambancin tsawon watanni, don haka kada ka riƙe ta kamar an kafa ta da ƙusa. Idan kana son tabbaci, ɗauko rahoton bashinka ka duba adadin da ke jikin katin da ranar da aka sabunta shi, ka gwada da takardar lissafin. Idan sun yi daidai, ka gano ranar hotonka.

Mataki na uku: ka raba biyanka gida biyu

Mu koma kan misalin. Ranar 5 ga Maris, saura kwana uku a rufe lissafi, ka biya dala 1,100. Ranar 8 abin da ya rage 100 ne, shi za a aika, kusan kashi 7 cikin ɗari ke nan. Kafin 3 ga Afrilu ka biya ɗarin da ta rage. Kuɗin da ya fita daga aljihunka bai ƙaru ba, bai ragu ba. Lokaci kawai ka canja, amma fayil ɗinka ya koma na mutumin da bai matsu ba.

Ka bar tazarar kwana biyu ko uku, domin biya yakan ɗauki lokaci kafin ya zauna, musamman idan daga wani banki ka turo ko ƙarshen mako ya shiga tsakani. Ka kuma lura da sayayyar da ke rataye ba ta zauna ba tukuna. Idan ta zauna kafin a rufe, za ta shiga lissafin.

Za ka ji ana cewa kada a wuce kashi 30. Shawara ce mai kyau ga mai farawa, amma babu wani rami a daidai 30 da mutum ke faɗawa. Duk yadda adadin ya yi ƙasa, haka ya fi, kuma masu maki mafi girma galibi ƙasa da kashi 10 suke nunawa. Abu ɗaya dai: idan dukkan katunanka suka nuna sifili a lokaci guda, makin kan ɗan ragu kaɗan, domin ya zama kamar ba ka amfani da su. Shi ya sa masu shirin neman babban lamuni kan bar kati ɗaya ya nuna ɗan ƙaramin abu, sauran su nuna sifili.

Ba na so wannan ya zame wa kowa wahala. FICO 8, wato samfurin ma'aunin FICO da masu ba da kati suka fi amfani da shi, ba ya riƙe adadin watan jiya. Da zarar sabon hoto ya shigo, shi zai duba. Saboda haka idan wata ɗaya ka sayi tikitin tafiya gida katin ya cika, makin zai sauka, wata mai zuwa ya dawo. Inda ya wajaba ka tsananta shi ne watanni biyu ko uku kafin ka nemi gida ko mota. Sai dai sababbin ma'aunai, FICO 10T da VantageScore 4.0, suna duba yadda bashinka ya riƙa hawa da sauka cikin watanni 24, don haka ɗabi'ar biya da wuri tana ƙara daraja.

Maganar kuɗin ruwa

Akwai wata ƙarya da ta yi yawo har ta zama kamar gaskiya, wai sai ka bar ɗan bashi ya tsallaka wata, ka biya ruwa a kai, sannan makinka zai tashi. Wannan magana tana ɓata mini rai, domin tana jefa bayin Allah cikin riba a banza. Bari adadi ya fito a takardar lissafi daban, barinsa ya wuce wa'adi daban. Na farkon ba ya jawo ko kwabo. Matuƙar kana biyan dukkan abin da takardar ta nuna kafin wa'adi, babu ruwa a kan sayayyarka, kuma tarihinka yana ginuwa daidai da na kowa.

Ka kiyayi ramuka biyu. Idan ka biya rabi ka bar rabi, ka rasa rangwamen kwanakin nan da ba a ɗora ruwa a cikinsu, sabuwar sayayya ma ruwa zai fara hawanta tun daga ranar da ka yi ta, kuma ko ka biya duka daga baya, wani ɗan guntun ruwa yakan biyo a takarda ta gaba. Duba ta, kada ka ɗauka an gama. Na biyu, cire tsabar kuɗi da katin bashi ba shi da rangwame ko na kwana ɗaya, ga kuma kuɗin cirewa. Bankuna da yawa haka suke ɗaukar tura kuɗi gida ta kamfanonin aike. Idan za ka aika wa iyaye kuɗin azumi ko na makarantar yara, yi da asusunka na banki.

Game da hukuncin riƙe katin kansa, malamai sun yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a shekarar 2000 cewa bai halatta a karɓi katin da ke da sharaɗin ruwa ba ko da mutum ya ƙudurta biya kafin wa'adi, wasu malaman kuma da ke zaune a ƙasashen Yamma sun yi sassauci saboda lalura ga wanda ya tabbata zai biya a kan kari. Wannan ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa.

Mataki na huɗu: ka toshe ƙofar makara

Yawan bashi ciwo ne mai warkewa cikin wata. Makara kuwa tabo ce. Amma ita ma tana da matakai.

Idan wa'adinka 3 ga Afrilu ne ka biya ranar 10, za a ci ka tara, za ka iya rasa rangwamen ruwa, amma ba za a rubuta makara a fayil ɗinka ba, domin sai biya ya wuce wa'adi da kwana 30 cur ake kai rahotonsa. Saboda haka wanda ya farga a rana ta biyar ko ta ashirin, ya biya nan take, ya kira bankin ya roƙi a yafe tarar; sau da yawa sukan yafe wa wanda bai saba ba. Ka sani kuma, biyan abin da bai kai mafi ƙarancin da aka nema ba daidai yake da rashin biya.

Da an cika kwana 30, sai a rubuta. Daga nan 60, 90, 120, kowanne ya fi na baya muni. A kwana 60 doka ta ba banki damar ɗora ruwan ladabtarwa har a kan tsohon bashin. A wajen kwana 180 sai ya rubuta bashin a matsayin asara, ya rufe asusun, sau da yawa ya sayar wa masu karɓar bashi. Rubuta shi asara ba yafewa ba ce, ana bin ka. Tabon yana zama shekara 7, ana ƙirgawa daga makarar farko da ta kai ga hakan, kuma sayar da bashin ga wani kamfani ba ya sabunta ƙirgen. Biya daga baya yana canja matsayin asusun amma ba ya goge tarihin, ko da yake nauyinsa kan ragu da shekaru.

Yadda mutanenmu suka fi faɗawa wannan ba ta hanyar babban bashi ba ne. Mutum ya biya katinsa tas, ya tafi gida hutun Sallah ko ya wuce aikin Hajji, ya yi wata biyu. Ya manta akwai wani kuɗin wata-wata na dala 12 da ke fita daga katin. Layin wayarsa na Amurka ba ya aiki a Kano ko Maraɗi, saƙon banki bai same shi ba, lambar sirrin shiga manhaja ma ba ta zuwa. Ya dawo ya tarar da makarar kwana 30 a kan kuɗin da bai kai na cefanen rana ɗaya ba. Maganinsa ka sa banki ya riƙa cire kuɗin da kansa daga asusunka kowane wata, dukkan abin da takardar ta nuna idan da hali, in babu ko mafi ƙarancin. Ka gwada shi wata ɗaya kafin tafiya ka ga ya yi aiki, ka kuma bar isasshen kuɗi a asusun.

Mataki na biyar: ka karanta fayil ɗinka da idonka

Shafin da doka ta tanada shi ne AnnualCreditReport.com. A da sau ɗaya a shekara ake ba da rahoton kyauta. Tun 2020 ya koma kowane mako, a 2023 kuma kamfanonin uku suka mayar da hakan na dindindin. Duba naka ba ya rage maki. Abin da ke ɗan ragewa shi ne binciken da mai ba da rance ke yi idan ka nemi sabon bashi, wanda ke zama shekara 2 a fayil, FICO kuma yana lissafa shi na watanni 12.

Ɗauko ukun duka. Kada ka firgita idan adadi ya bambanta, domin ba rana ɗaya suke sabuntawa ba, kuma biyan da ka yi jiya ba zai fito ba sai an aika rahoto na gaba. Makin da manhajar Credit Karma ke nunawa na VantageScore ne, ba lallai ya yi daidai da wanda dillalin mota zai gani ba.

Abin da za ka nema: asusun da ba naka ba, makarar da ba ka yi ba, iyakar da aka rubuta ƙasa da ta gaskiya, bashi ɗaya da ya fito sau biyu. Ka duba sunaye sosai. Mu da Muhammad da Abubakar da Ibrahim suka yi mana yawa, ga rubutun suna iri-iri tsakanin fasfo da sauran takardu, cakuɗa fayil ɗin mutum biyu abu ne mai yiwuwa, musamman 'yan gida ɗaya masu adireshi ɗaya.

Idan ka ga kuskure, rubuta wa kamfanin da ya nuna shi, ka kuma rubuta wa bankin. Faɗi lambar asusun, abin da ba daidai ba, da abin da kake so a gyara, ka haɗa da kwafin shaida kamar takardar bankin da ke nuna ranar da kuɗin ya fita. Na fi son wasiƙa mai rajista, don kana da shaidar ranar da ta isa. Doka ta ba su kwana 30 su bincika, wani lokaci har 45, kuma abin da suka kasa tabbatarwa dole su gyara ko su cire. Idan sun yi biris, kai ƙara hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB. Idan kuwa makarar gaskiya ce, abin da ya rage shi ne wasiƙar roƙo ga bankin, wanda yana iya karɓa yana iya ƙi. Masu cewa ka ba su kuɗi su wanke maka fayil ba su da wata ƙofa da kai ba ka da ita, doka ma ta hana su karɓar lada kafin su yi aikin.

Tun bayan kutsen da aka yi wa Equifax a 2017, wanda ya shafi mutum kusan miliyan 147, kulle fayil, wato hana mai ba da sabon bashi ganinsa don kada wani ya ci bashi da sunanka, ya zama kyauta daga 2018. Kulle ukun, ka buɗe lokacin da za ka nemi wani abu. Kullewar ba ta hana bankinka ci gaba da kai rahoto.

Ragowar ƙananan abubuwa

Kada ka yi gaggawar rufe tsohon katin da ba a biyan kuɗin shekara a kansa. Tarihinsa mai kyau zai iya zama har shekara 10, amma iyakarsa tana fita daga lissafi nan take, sai kason da ka ci ya yi sama. Ka riƙa ɗan saye da shi lokaci-lokaci don kada bankin ya rufe shi da kansa.

Sanya matarka ko ƙaninka a katinka a matsayin wanda ka yarje wa amfani yana taimaka masa ya fara tarihi, domin bankuna da yawa suna aika asusun zuwa fayil ɗinsa. Amma idan ka makara ko ka cika katin, shi ma zai shafe shi, kuma duk abin da ya kashe kai ake bi. Ku yi magana a fili tun farko.

Tarihin nan ba ya tsallaka iyaka da kansa. Najeriya tana da nata kamfanonin uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ƙarƙashin dokar rahoton bashi ta 2017, wadda ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Lambar BVN ce ke ɗaure mutum da basussukansa, kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani bankin. Wanda ya bar ɗan rancen albashi ko na manhajar waya a gida kafin ya taso, ya nemi rahotonsa na can ma ya duba, ya biya abin da ya rage, ya karɓi takardar shaidar kammala biya ya ajiye.